Monita ta biyu: sifilita, katin hoto, ko waya ɗaya kawai?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu mai shagon taifin a Samaru ya yi tambaya: yana da kwamfutar tebur tokumbo, Dell OptiPlex 7010, kuma yana so ya ƙara monita ta biyu domin ya riƙa buɗe takardar da ɗalibi ya turo a gefe guda, yana bugawa a ɗaya gefen. Wani mai shago ya ce masa ya sayi sifilita, wato na'urar raba hoto, wani kuma ya ce sai an saka katin hoto, wato allon da ake sokawa a cikin kwamfuta domin ya riƙa tura hoto zuwa monita. Wanne zai ɗauka?

Malam, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Juya akwatin ka leƙa bayansa. Samfurin 7010 yana zuwa da kafar VGA ɗaya, shuɗiyar nan mai ramuka 15 a jeri uku, da kafofin DisplayPort guda biyu. Mutane da yawa ba sa lura da su, saboda sun yi kama da HDMI, kafar nan ta bayan talabijin na zamani, sai dai kusurwa ɗaya ce kawai a yanke. Na'urar hoto ta Intel da ke cikin wannan kwamfutar, wadda ta fito a 2012, tana iya tafiyar da monita biyu kowace da nata hoton. Ke nan abin da kake nema yana hannunka, waya ce ta rage.

Mu fara da sifilita, tunda ita aka fi cusa wa mutane. Aikinta ɗaya ne: ta karɓi hoto guda ta raba shi gida biyu. Abin da ke wannan monita shi ne a waccan, kamar ka yi fotokwafin shafi ɗaya sau biyu. Ita kwamfutar ba ta ma san akwai monita ta biyu ba, don haka babu yadda za a yi ka buɗe takardar ɗalibi a hagu, Word a dama. Inda take da amfani shi ne ɗakin taro ko aji, idan ana son talabijin biyu su nuna abu ɗaya. Ga kuma wata matsalar: yawancin waɗanda ake sayarwa na HDMI ne, kwamfutarka kuwa ba ta da kafar HDMI. Sai ka sayi adafta, ka sayi sifilita, ka ƙara wayoyi, a ƙarshe ba ka samu abin da kake so ba.

Shi kuwa katin hoto yana yin aikin, ba a yi maka ƙarya ba. Irin su GeForce GT 710 suna zuwa da VGA da DVI da HDMI, kuma wutar da suke ci ba ta wuce wat 20 ba, daga ramin da aka soka su suke sha. Amma akwai abubuwan dubawa. Idan akwatinka siririn nan ne da ake kwantarwa a kan tebur, sai kati mai gajeren ƙarfe, dogon ba zai bari murfin ya rufu ba. Na'urar wutar da ke cikin wannan siririn akwatin wat 240 ce, ba za ta ɗauki manyan katunan 'yan wasan gem ba. Sannan a kwamfutoci da dama, da zarar ka saka kati, kafofin asali sai su daina aiki, dole duka wayoyin su koma kan katin. Kuma ga mai taifin da gyaran kundin bincike, wallahi ba za ka ga wani bambancin sauri ba. Kati sai ga wanda kafofinsa suka mutu, ko mai son monita uku zuwa huɗu, ko ɗaliban zanen gini na ABU masu fama da AutoCAD, su ma ba wannan ƙaramin ne zai ishe su ba.

Akwai kuma adaftar USB, irin masu aiki da DisplayLink. Tana bayar da hoto na daban, amma sai an saka mata direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, kuma tana ɗora wa kwamfuta nauyi. Ta wanda kwamfutarsa ba ta da wata kafa ce.

To, ni dai waya zan ce ka saya. Ka bar monitarka ta yanzu a kan VGA, ta biyun ka jona ta a DisplayPort. Idan tana da irin kafar, shi ke nan, waya ɗaya. Idan HDMI gare ta, ka nemi wayar DisplayPort zuwa HDMI, kuma ka kula, hanya ɗaya take bi: bakin DisplayPort a jikin kwamfuta, na HDMI a jikin monita. In aka juya ba ta aiki. Idan ita ma VGA ce kawai, akwai adaftar DisplayPort zuwa VGA. In da hali, ka ce a gwada maka a shagon kafin ka biya, ko a PZ ne ko a Sabon Gari. Wani abu kuma: bakin wayar DisplayPort yakan zo da 'yan ƙananan haƙora masu riƙe shi. Sai ka danna maɓallin da ke kansa sannan ka zare. Masu fizga da ƙarfi su ne ke ɓalle kafar.

Bayan ka jona, ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Extend, wanda zai ba kowace monita nata hoton. Zaɓin Duplicate da ke wurin shi ne aikin sifilita, ka ga har shi ma kyauta ne, ranar da kake so kwastoma ya ga abin da kake bugawa sai ka juyo masa monita ɗaya. Daga nan ka shiga Display settings, ka danna Identify, lamba 1 da 2 za su fito manya a kan kowace. Ka ja hotunansu su zauna yadda suke a teburinka, in ba haka ba za ka tura maus dama ya ɓullo ta hagu. Idan monitar ta ƙi nuna komai, kafin ka zargi waya, danna maɓallin Source da ke jikinta, wataƙila tana jiran wata kafar ce daban. A nan ne kuma za ka iya mayar da ɗaya tsaye, in gindinta yana juyawa, shafin A4 ya fito gaba ɗaya ba tare da kana ta gangarawa ba.

Sai batun wuta. Monitar LED mai inci 22 tana cin wat 20 zuwa 30, tsofaffin masu kauri sun fi haka. Idan a kan inbata kake aiki lokacin da aka ɗauke wuta, ka sa wannan a lissafi, ko ka riƙa kashe ta biyun idan ba ka buƙatarta.

Ka ɗauko hoton bayan monitar da kake shirin saya ka turo, sai a faɗa maka ainihin wayar da za ka nema.