Ki saya masa mai takobi da garkuwa, mai aljanun ya jira tukuna

Salama 'yar'uwa. Kin tambaya wane irin littafin labari na Kirista za ki saya wa ɗanki. Tsakanin labarin da matasa ke faɗawa wata duniya su yi yaƙi da mugunta, da wanda ake nuna mala'iku da aljanu suna fafatawa a saman makarantarsu, ga yaro ɗan shekara 13 kamar naki, ki ɗauki na farko kawai. Duka biyun na saya, na biyun har yau ina cizon yatsa.

Na farkon hanya ce da C.S. Lewis ya share da littattafansa 7 na Narnia, tsakanin 1950 da 1956. Waɗanda suka biyo bayansa da yawa sai suka ɗauko makaman nan na Afisawa sura 6 a Littafi Mai Tsarki suka mai da su kayan yaƙi na zahiri: ɗamarar gaskiya, sulken adalci, takalman bisharar salama, garkuwar bangaskiya, kwalkwalin ceto da takobin Ruhu. Irinsa na saya wa ɗana, yaron da ko littafin makaranta sai an kai ruwa rana kafin ya buɗe. Dare na biyu na leƙa ɗakinsa, na tarar da shi ƙudundune cikin bargo da tocila a baki, yana juya shafi. Na yi kamar ban gani ba.

Abin da ya fi taɓa ni bayan mako guda ya zo. A labarin akwai yaron da duk lokacin da ya yi ƙarya sai ɗamararsa ta kwance, sulken ya zame. To akwai fuskar wayata da ta tsage, na riga na ɗora wa ƙanwarsa laifin, shi kuwa ya yi shiru. Sai ga shi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza yatsu, ya ce, "Mama, ni na yar da ita. Ɗamarata ce ta kwance." Na rasa dariya zan yi ko kuka. Da yamma kuma da kansa ya buɗe Afisawa, wai yana ƙirgawa ko makaman 6 ne da gaske ko marubucin ne ya ƙara.

Na biyun, wanda marubuci Frank Peretti ya sa ya yi tashe tun 1986, ba zan ce ba shi da tushe ba. Ga Daniyel 10 inda aka tare mala'ika kwana 21, ga baran Elisha da aka buɗe wa ido a 2 Sarakuna 6. Yana da daɗin karatu, na yarda. Amma 'yar ƙanwata da na ba ta irinsa ta yi mako biyu ba ta yarda a kashe fitila, da ta faɗi lissafi kuma ta ce aljanin mantuwa ne, alhali ba ta yi karatu ba. Ki bari ɗanki ya kai shekara 16 ko 17, ku karanta tare.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hankali da masu sayarwa. Ba duk bangon da ke da fukafukai ne na Kirista ba. An taɓa rantse mini cewa wani littafi na yaƙin ruhaniya ne, ashe soyayya ce tsakanin yarinya da faɗaɗɗen mala'ika, babu addu'a ko ɗaya a ciki. Akwai kuma na jabu, rubutu dishi-dishi, shafuka a tsallake, da masu miƙa miki littafi na 3 su ce ai kowanne zaman kansa yake.

In jerin littattafai ne, ki sayi na 1 shi kaɗai, ki buɗe tsakiyarsa a gaban mai sayarwa ki duba lambobin shafi. In ya gama ya dame ki da na 2, sai ki ƙaro.