Jelatin ko PEG: wanne ya fi renon ƙwayoyin halitta?

Romon ƙafar saniya da ya kwana ya daskare da sanyin hunturun Bauchi, haidirojel ne: zaren furotin riƙe da ruwa. Irinsa masana ke shimfiɗa wa ƙwayoyin halitta su yaɗu su zama nama.

Jelatin, wato furotin ɗin da ke daskarar da romon nan, daga fata da ƙashi ake samunsa, kuma ƙwayoyin suna manne masa ba gardama. Sai dai bai jure zafi. Kafin a kai digiri 37 na jikin mutum ya narke, balle zafin Afrilu, dole a ɗaure zarensa da sinadari.

PEG (polyethylene glycol) kuwa sinadari ne haɗin masana'anta da shi ma ake yin haidirojel da shi, taurinsa yadda ka so. Amma ƙwayoyi ba sa kama shi sai an liƙa masa RGD, wani ɗan guntun furotin da ƙwayoyin ke mannewa a jikinsa, ga tsada. Ɗalibi mai ƙaramin aljihu, jelatin ya fi masa.