Shagon Baba na layinmu, inda mai saye shi ne mai tsaro

A layinmu da ke Rijiyar Zaki a Kano akwai wani ɗan shagon kayan masarufi wanda daga ƙarfe bakwai na safe har zuwa azahar ba ka samun kowa a cikinsa. Mai shi dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, duk layin Baba muke ce masa. Da ya koma noma a bayan gari sai ya rasa yaron da zai riƙe masa shagon, ya ce to bari ya bar wa unguwa. Ya rubuta farashi da alli a jikin allo, ya ajiye babban gwangwanin madara na zuba kuɗi, da littafi da biro ɗaure da zare, ya rubuta lambar asusunsa a bango saboda masu turawa ta waya. Wata takwas ke nan ina sayayya a wurin kusan kullum kafin in wuce makarantar da nake koyar da lissafi.

Kayan dai na yau da kullum ne: sukari da gishiri da garin kwaki a ƙulle a leda, Maggi, ƙwai, burodi, ganyen shayi, madara, taliya, omo, sabulu, ashana, man gyaɗa a kwalba. Ba ya ajiye shinkafa ko wake, domin kwano sai da mai awo, kuma na ga hikimar hakan. Farashinsa ɗaya da na sauran shagunan unguwa, ƙwai ma yakan ɗan fi sauƙi. Wurin a share yake, kantoci a goge, ban taɓa ganin kashin ɓera ba. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne ba jira. Ka shiga, ka ɗauka, ka zuba kuɗi, ka fita.

Amma akwai abin gyara. Burodin jiya da na yau a kanta ɗaya ake jera su, sau biyu ina kai wa yara busasshe. Babu firiji, don haka kada ka sa rai da ruwan sanyi. Kuma idan rana ta ɗaga, wajen sha ɗaya, ƙwai da madara sun ƙare, ba mai ɗauko wasu daga ciki.

Babbar matsalar ita ce canji, kuma a nan ne shagon ya fara ba ni mamaki. Baba yakan bar ƙananan kuɗi masu kyau a gwangwani da safe. Kafin hantsi duk lafiyayyun ɗari-ɗari da ɗari bibbiyu sun tafi, abin da ya rage sai yagaggu, masu liƙi da salatif, waɗanda ko mai adaidaita sahu zai yi ta juya su kafin ya karɓa. Lissafi yakan cika ko ya kusa cika, Baba da kansa ya faɗa mini haka. Wato mutane ba sa sata. Sai dai kowa ya zaɓi mafi lalacewa a aljihunsa ya jefa, ya kuma tsamo mafi kyau a matsayin canji. Ni ma na yi. Wata safiya na tsinci hannuna yana laluben wata ɗari biyu da mai nama ya ƙi karɓa a wurina daren jiya. Na jefa ta, na fita. Ban ci kuɗin kowa ba, amma har na isa aji abin yana cina, domin na san dattijon ne zai yi ta yawo da ita. Washegari na gaya masa na musanya.

A gefen kanta akwai wani ƙaramin gwangwani daban. Na wata tsohuwa ce a layin, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki, ita ke kawo daddawa da ƙuli-ƙuli a sayar mata. Wannan gwangwanin ban taɓa ganin yagaggen kuɗi a cikinsa ba. Baba ya ce sau da yawa ma kuɗin yakan haura kayan da aka ɗauka. Mutanen da ke zuba wa Baba tsumman kuɗi su ne dai ke lalubo wa tsohuwar masu kyau, a shiga ɗaya, da hannu ɗaya. Ina ganin Baba ana masa kallon mai hali ne, ga fansho ga gona, ita kuwa kowa ya san tukunyarta.

Wannan ya tuna mini da wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019. Masu binciken sun miƙa walat fiye da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40, har da Ghana da Kenya, ga ma'aikatan bankuna da otal-otal da gidajen waya da ofisoshin 'yan sanda, suna cewa tsintuwa suka yi a bakin titi. Kowace walat tana ɗauke da katin mai ita da adireshin imel. Waɗanda babu kuɗi a ciki, kashi 40 cikin 100 ne aka nemi masu su. Waɗanda aka sa wa kimanin dala 13, sai adadin ya hau zuwa kashi 51. Sun kuma ga cewa walat mai makulli a ciki an fi mayar da ita, alhali makulli ba ya amfanar wanda ya tsinta, mai shi kawai rashinsa ke wahalarwa. Mu a Kano ba sai an je da nisa ba. A 2023 wani matashi mai adaidaita sahu ya mayar da kusan naira miliyan 15 da wani fasinja ɗan Chadi ya manta a kekensa, bayan ya ji cigiya a rediyo. Babban kuɗi yana sa mutum ya ji cewa in ya riƙe ya zama ɓarawo. Yagaggiyar ɗari biyu kuwa ba ta sa kowa ya ji haka, shi ya sa take wucewa.

Na taɓa ba Baba labarin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Newcastle ta Ingila a 2006, inda ma'aikata ke haɗa shayi su zuba kuɗi a akwati ba mai kallo. A makon da aka liƙa hoton idanu a bango, abin da aka zuba ya kusa ninka na makon hoton furanni sau uku. Na ce, "Baba, ko mu liƙa irinsa a saman gwangwanin nan?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ni maƙwabtana nake sayar wa kaya. Ranar da na sa musu ido, ko na takarda ne, na gaya musu ban yarda da su ba." Ban sake tayar da maganar ba. Daga baya ma wasu da suka maimaita irin gwajin ba su sami tasiri mai ƙarfi haka ba.

Littafin bashin shi ne abin da na fi so a shagon, shi ne kuma na fi jin tsoro a kansa. Wanda ba shi da kuɗi yakan rubuta abin da ya ɗauka da hannunsa, in ya biya ya soke. Da azumin bana na ga layuka da dama an soke su da biro mai launi daban, an rubuta "an biya" a gefe, ba suna. Sai dai littafin a buɗe yake, duk wanda ya shigo yana iya karanta wane gida ne ya ci bashin garin kwaki sau uku a mako. Wannan tonon asiri ne, kuma na san akwai matan da suka gwammace su haƙura da su rubuta sunan gidansu a nan. Na ba Baba shawarar a koma ƙananan takardu da ake ninkewa a jefa a akwati mai kwaɗo, ya ce zai duba.

Ga wanda ke kusa, shagon ya cancanci a gwada. Ka zo kafin ƙarfe goma, ka latsa burodi kafin ka ɗauka, ka taho da kuɗinka daidai ko ka tura ta waya. Daddawar tsohuwar nan kuwa kada ka bari ta wuce ka, tun da muka fara sa ta a miyar kuka uwargida ta daina aike kasuwar Rimi.