Hilux ko Land Cruiser 79: Abin da Na Gani a Makonnin Farko

Alhaji, ka tambaya wacce ta fi dacewa da kai tsakanin Toyota Hilux da Land Cruiser 79, tunda aikinka jigilar taki da buhunan masara ne tsakanin gari da gona, kuma hanyar takan ɓaci da damina. Na shekara shida ina tuƙa Hilux mai injin dizal lita 2.4, sannan makonni biyar da suka wuce na sayi sabuwar Land Cruiser 79 mai ƙofa huɗu, wadda wasu ke kira Buffalo, saboda haka zan faɗa maka abin da jikina da kunnena suka shaida.

Ranar da na ɗauko ta, ban yi kilomita goma a kan kwalta ba na fahimci cewa an ƙera ta ne don wahala. Idan babu kaya a bayanta, duk gargadar da taya ta taka sai ka ji ta a ƙugunka, kuma juya ta a lungun kasuwa yana buƙatar gaba da baya sau biyu ko uku. Dalili shi ne tayoyinta na gaba suna kan aksul ɗaya ne miƙaƙƙe, wato ƙarfe guda da ya haɗa su biyun, tsarin da jerin Land Cruiser 70, wanda 79 ke cikinsa, ke kai tun fitowarsa a 1984, alhali a Hilux kowace tayar gaba tana hawa da sauka ita kaɗai, shi ya sa take lafewa a titi kamar ƙaramar mota. Da na ɗora mata buhu takwas kuwa, sai sifirin baya ya kwanta, tsallen ya ragu sosai, har yarona da ke zaune a baya ya samu barci.

Batun inji ne ya fi cancantar ka tsaya a kansa. Tawa tana da injin 1HZ, lita 4.2, silinda shida, wanda aka fara ƙerawa a 1990, ba shi da tobo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), ƙarfinsa kuma bai wuce na doki 130 ba. Injin Hilux ɗin ya fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma da taimakon tobo yana ba da kusan doki 150. Na ga bambancin a fili a hawan tsaunin Mambila bayan an wuce Mayo Selbe, inda iska ke yin ƙaranci yayin da ake ƙara sama: wurin da Hilux ke haurawa da giya ta uku, sai da na koma ta biyu, motar tana gurnani tana tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya. Amma wannan tsohon injin famfonsa na mai ba ya dogara da kwamfuta, don haka yana jure man ƙauye wanda ba a tabbatar da tsabtarsa ba, kuma bakaniken da ya ƙware a manyan motoci zai iya buɗe shi. Injin Hilux na zamani yana tura mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta nozul masu ƙananan ƙofofi, kuma ruwa kaɗan ko ƙura a cikin jarka kan jawo gyara mai tsada. Idan a wurin 'yan bumburutu kake shan mai, wannan kaɗai ya isa ya sauya lissafi.

Tankina yana cin lita 130, na Hilux lita 80, sai dai Land Cruiser ta fi shan mai, don haka ratar ba ta kai yadda alkaluman ke nunawa ba.

A cikin laka ne na gane abin da na biya kuɗi dominsa. Akwai wani kwari kusa da gonata da ruwa ke kwanciya, inda a da nakan sauke rabin kaya kafin in tsallaka. A wannan karon na sauka na murɗa makullan tayoyin gaba da hannu domin duka tayoyi huɗu su ja, takalmina ya nutse har idon sawu, na koma na sa ƙaramar giya, motar ta ratsa ba tare da cikinta ya taɓa ƙasa ba. A Hilux daga zaune ake murɗa maɓalli a haɗa tayoyi huɗu, wanda ya fi sauƙi ƙwarai. A dukansu biyun dai kada ka bar tayoyi huɗu a haɗe a kan busasshiyar kwalta, domin hakan yana cinye ƙarafan da ke juya su.

Shawarata ita ce ka auna hanyarka da gaskiya. Idan yawancin tafiyarka kwalta ce da burji, ɓacin kuma na watan Agusta da Satumba ne kawai, ka ɗauki Hilux, ka sa mata tayoyin laka, ka ƙara matatar mai ta biyu mai raba ruwa, ragowar kuɗin ka zuba a taki. Idan kuwa gonar tana inda ko babur ke tsoron shiga, kuma gidan mai na kirki ya yi maka nisa, to Land Cruiser ce taka, amma ka roƙi dila ya bar ka ka zagaya da ita babu kaya kafin ka biya.