Dutse, ƙasa ko karan alkama: da me za a gina masaukin baƙi a gonar inabi?

Wanda zai gina masaukin baƙi a tsakiyar gonakin inabi, ko a Tuskani ta Italiya ne, ko kwarin Douro na Fotugal, ko Stellenbosch a Afirka ta Kudu, ya fara amsa tambayoyi biyu kafin ya kira magini. Idan rana ta faɗi a lokacin zafi, gari yana yin sanyi sosai? Sannan a waɗanne watanni baƙi za su riƙa kwana? Amsar waɗannan ce za ta zaɓa masa bango, domin kowane tsohon gidan gona da ke ba mu sha'awa an gina shi ne daidai da iska da ranar wurinsa. Gidajen manoman Provence a kudancin Faransa suna fuskantar kudu, sun juya wa mistral, iska mai ƙarfi da sanyi da ke kaɗowa daga arewa, baya, bangon arewa kuma da kyar ake samun taga a jikinsa. Wanda ya kwafi siffar ya ajiye ta a inda iska ke bugowa daga wani gefe, ado kawai ya saya.

Tsohon ginin dutse shi ne zaɓin farko idan akwai shi a gonar, don babu kayan gini da ya kai wanda yake tsaye sauƙin illa ga muhalli. Bango mai kaurin santimita 50 zuwa 80 yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare. Inda zafin gari ke raguwa da digiri 10 ko fiye da dare, a buɗe tagogi bayan faɗuwar rana, a rufe marufan katako da safe, ɗaki zai wuni da sanyi ba tare da na'ura ba. Matsalar tana lokacin hunturu. Dutse yana ajiye zafi amma ba ya tare shi, kuma ɗakin da ya kwana huɗu babu kowa zai ci yini guda ko biyu kafin ya yi ɗumi, alhali baƙon da ya iso ranar Juma'a da yamma ba zai jira ba. Mai son baƙin hunturu ya manna allon zaren itace mai kaurin santimita 6 zuwa 8 ta ciki, ya yaɓe shi da farar ƙasa, ya kuma san zai rasa wani ɓangare na sanyin da bangon ke bayarwa da zafi.

A nan ne aka fi ɓata tsofaffin gidaje: yaɓen siminti. Tsohon bango ba shi da abin hana danshi a gindinsa, laima na hawa daga ƙasa tana fita ta jikinsa. Da an rufe shi da siminti sai laimar ta rasa hanya, ta ƙara hawa sama, gishiri ya taru a bayan yaɓen, bayan 'yan shekaru ka ƙwanƙwasa ka ji rami, kan katakon rufi da ke cikin bango kuma ya fara ruɓewa. Kwaɓin da ya dace shi ne awo ɗaya na farar ƙasa da awo biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaifi, kuma kada a yi aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. A yankin girgizar ƙasa, irin tsakiyar Italiya da ta sha wuya a 2016, a ɗaure bangaye da sandunan ƙarfe daga gefe zuwa gefe, a guji ɗora rufin kankare mai nauyi a kan tsohon dutse.

Idan sabon gini ne, mu mun fi karkata ga bangon daɓe a wuri mai busasshiyar iska. Tsohuwar sana'a ce a kewayen Lyon da Beaujolais a Faransa: a kafa allunan katako biyu, a zuba ƙasa mai ɗan danshi kamar santimita 15, a daddaɓe ta har ta koma wajen 10, a sake zubawa, har bango mai kaurin santimita 40 zuwa 60 ya tashi da layi-layi a jikinsa. Ƙasar tana son tsakuwa da yashi da yumɓu daidai gwargwado. Yumɓu ya yi yawa bango ya tsage, ya yi kaɗan ya riƙa zubar da gari, shi ya sa ake fara gina ɗan bangon gwaji a bar shi ya bushe kafin a sa hannu a kwangila. Yana buƙatar gindin dutse kamar rabin mita da bakin rufi da ya fito aƙalla santimita 60. A Margaret River ta Ostareliya sukan haɗa siminti kaɗan a ƙasar, ya ƙara mata ƙarfi, sai dai ƙasar ba za ta sake komawa gona ba.

Karan alkama da aka matse dami-dami kishiyar waɗannan biyu ne. Dami mai kaurin santimita 36 a cikin firam ɗin katako yana tare zafi fiye da dutse nesa ba kusa ba, ɗaki kuma yana ɗumi cikin sa'o'i kaɗan, don haka ya fi dacewa da wurare masu dogon hunturu kamar Alsace. Faransa tana da ƙa'idojin ginin kara tun 2012, abin da ke sauƙaƙa maganar inshora. Abokin gabarsa ruwa ne: a auna kowane dami, kada danshinsa ya kai kashi 20 cikin 100, kada bututun ruwa ya bi ta cikinsa, a yi banɗaki da bulo.

Batun rufi gajere ne. Jinkar gidajen yankin Cape na Afirka ta Kudu tana da kyau, amma magabata da kansu sukan shimfiɗa yumɓu a saman silin saboda gobara. Bayan wutar dajin Napa da Sonoma na Kalifoniya a Amurka a 2017, duk mai gini kusa da busasshen daji ya zaɓi tayil na yumɓu, ya toshe ƙofofin iska da ragar ƙarfe mai ramin milimita 3 don kada tartsatsi ya shiga.

Ruwa kuwa a yi masa lissafi da biro. Rufin murabba'in mita 200 a wurin da ake samun milimita 600 a shekara zai tara kusan lita 96,000 bayan an cire asara. Sai dai a yawancin waɗannan yankuna ruwa na sauka da hunturu, baƙi na zuwa da zafi. Baƙi takwas, kowa lita 150 a rana, za su shanye lita 108,000 a kwana 90, ke nan tanki kaɗai ba zai riƙe su ba, balle a yi maganar wurin ninkaya. A ware ruwan rufi don masai da shuke-shuke, a sa abin zubar da ruwan farko da ya wanke rufi, domin ana fesa wa inabi jan ƙarfe da farar wuta, iska kuma tana kai feshin kan rufi.

Wannan feshin ma dalili ne na ja da ɗakuna baya daga layin inabi. Dokar Faransa tun 2020 ta sa tazarar mita 10 tsakanin yawancin feshin inabi da gidaje, mu dai mun fi son a ninka, a dasa shingen itatuwa a tsakani. Tagar ɗakin kwana ta kauce wa hanyar tarakta, don ana yawan girbi da dare ko da asuba, kuma manyan fankokin korar jaura suna ruri a dararen sanyi da ke biyo bayan hunturu. Kafin a biya mai zane ko sisi, a nemi izinin gini a rubuce: a Italiya dokar 2006 ta masaukin gona ta shar'anta noma ya ci gaba da zama babban aikin wurin, kuma tsofaffin gine-ginen gonar ake ba da damar gyarawa a saukar da baƙi a ciki.