WhatsApp ko Facebook: wanne ya fi wa malamin gona amfani?

Ɗan'uwa, ka ce ƙauyukan da aka ba ka sun fi ƙarfin babur ɗinka, kana tambaya ko shafin Facebook za ka buɗe wa manomanka ko zauren WhatsApp. Ni dai WhatsApp zan ce, amma ba don ya fi Facebook a komai ba.

Ka fara duba wanda za ka yi wa magana. Dattijon da ke noman dawa da masara sau da yawa bai yi boko ba, wani ma wayar ɗansa yake ara. A WhatsApp zai danna ya yi magana da bakinsa, ya ɗauki hoton ganye ya turo. Facebook kuwa rubutu da sharhi suka fi yawa, masu taruwa a can kuma galibi matasa ne na birni da dillalan taki.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne lokacin annoba. Tsutsar masarar nan da ta shigo Najeriya a 2016 cikin zuciyar shuka take ɓuya, idan ta girma magani ba ya cin ta sosai. Jinkirin 'yan kwanaki kawai ya isa a yi asara. Kafin ka ba da shawara kuma sai ka tambaya: yaushe aka yi shuka, me aka fesa a baya, kashi nawa na gonar ta taɓa? A WhatsApp kafin azahar kun gama, ka gaya wa manomin ya fesa da sassafe ko da yamma, ya nufi cikin zuciyar. A Facebook kafin ka ga tambayar mutane da yawa sun amsa, wani ya ce a ninka magani, wani ya tallata nasa. Ga kuma matsalar wuri. Irin da ke daɗewa bai nuna ba, wanda ya dace da kudancin Kaduna, idan mutumin Daura ya shuka shi ruwa zai ɗauke ya bar shi. Facebook bai san wannan ba. Zauren da ka haɗa na gunduma ɗaya kuwa damina ɗaya suke gani. A Nijar ma, ƙungiyar manoma ta RECA ta zaurukan WhatsApp take amsa tambayoyin manoma da saƙon murya cikin Hausa da Zabarmanci.

Sai dai WhatsApp ba shi da ajiya. Bayanin da ka yi yau, jibi ya nutse a ƙarƙashin barka da Juma'a da siyasa da sanarwar ɗaurin aure. Zaure yana ɗaukar mutum 1,024, amma kada wannan ya ruɗe ka; a ganina da ya wuce hamsin ko sittin ya zama kasuwa. Mata kuma da wuya su yi magana a zauren maza, alhali su ke riƙe da kiwon awaki da kaji da sarrafa gyaɗa. A buɗe musu nasu, malamar gona ta riƙe.

A nan Facebook ya yi fice. Abin da ba ya tsufa can ya kamata ka ajiye shi: bidiyon yadda ake ɗaure buhun PICS mai ninki uku don kada ƙwari su ci wake, ko bayanin sabon iri daga cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru, kamar waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Haka hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitarwa farkon shekara. Mai sayen hatsi daga kasuwar Dawanau ta Kano ma a can zai fi saurin gano ƙungiyarku. To, amma bidiyo yana cin data, manomi kuma da kuɗinsa yake saye.

Abu ɗaya duk biyun suka gaza. Idan aka turo maka hoton masara ta yi rawaya, yana iya zama ƙarancin taki, ko ruwa ya kwanta, ko ciyawar wuta-wuta ce ke shan ta tun ciyawar ba ta fito ba. Hoto ba zai raba maka su ba. Irin wannan kada ka ce a zuba yuriya daga inda kake zaune, ka ce a jira ka ranar kasuwar garin ka je ka duba gindin da idonka.