Labari daga Tamuin, ƙasar Meziko

Salam Yaya, ya gida ya su Inna? Ka ce in ba ka labarin inda aiki ya jefo ni, to ga shi.

Sunan garin Tamuin, a jihar San Luis Potosi, ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogin Tampawon, kamar tafiyar rabin awa daga Siyudad Bayes in ka ɗauki hanyar Tampiko. Fili ne shimfiɗe, shanu da rake ta ko'ina, zafi kuwa wallahi gara namu, nan gumi ba ya bushewa a jiki. Asalin masu ƙasar su ne Wastekawa, su suna kiran kansu Tenek, kuma garuruwansu da yawa da "Tam" suke farawa, wuri yake nufi a yarensu. Kufansu biyu na nan kusa, Tamtok da Tamohi, a Tamohi ɗin aka tono gunkin wani saurayi a 1917 yanzu yana gidan tarihi a babban birni.

Amma kasuwa ce ta ba ni mamaki. Ran farko na ga mata da ƙatuwar kwalba cike da jan ruwa da ƙanƙara, na kurɓa, ashe zoɓo ne! Hamaika suke ce masa, kuma da yawansa daga Najeriya ake shigo musu da shi, wa ya sani ko na Jigawa na sha. Ga ruwan tsamiya, ga mazarƙwaila sak irin tamu sai dai su pilonsiyo suke cewa. Suna da wani nama sesina, a yanka shi fale-fale a sa gishiri, kamar kilishin da aka manta ba a tsoma a labu ba.

Inda matsalar take shi ne kitsen alade, a wake ma sawa suke, dole ka tambayi mai abinci "manteka?" kafin ka sa hannu. Akwai wani ƙaton abinci sakawil, ƙullun masara da barkono a naɗe cikin ganyen ayaba, ya fi mita tsawo, ƙamshinsa kawai nake sha.

Wuta ba kasafai ake ɗaukewa ba, kuɗinta a shago kake biya, ruwan sha kuma sai na jarka lita 20. Likita yana jikin kemis, ka shiga ya duba ka ba dogon layi.

In an samu mai zuwa a sako min daddawa da kuka, su ne na rasa kwata-kwata.